Nukiliya, Iskar Gas ko Sola: Wanne Zai Kawo wa Kano Wuta, Kuma Yaushe?

A watan Oktoba na 2024 Kano da galibin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ƙanƙara ta yi tsada, masu walda da masu niƙa suka koma zaman jiran tsammani, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa wasu suka koma kan dizal, wasu suka sallami ma'aikata gida. A duk tsawon kwanakin nan tashar Egbin ta Legas tana aiki, injinan Kainji da Jebba suna juyawa. Wutar ce ta rasa hanyar zuwa: an lalata layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, layin da ake lallaɓawa da shi ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi.

Da wannan ya kamata a fara duk wata magana a kan tashar nukiliya, domin ko da a ce a wancan makon Najeriya tana da tashar nukiliya mai megawat 4,800 a Kogi, da Kano ta kwana a duhun nan dai. Masu cewa a gina nukiliya mu huta suna da hujja mai ƙarfi, kuma za mu kawo ta yadda take. Sai dai kafin a zaɓa, dole a ɗora ta a sikeli ɗaya da iskar gas da sola da madatsun ruwa, a duba kuɗi da lokaci da ruwan da kowacce ke sha, a kuma duba layin da zai ɗauko wutar ya kawo ta tashar Kumbotso da ke karɓar wutar Kano.

Abin da tashar nukiliya take yi

A taƙaice tukunya ce mai dafa ruwa. Maimakon gawayi ko iskar gas, zafin yana fitowa ne daga tsagewar ƙwayoyin zarra na yuraniyam. A irin tukunyar da aka fi ginawa a duniya, ana danne ruwan da matsi kusan ninki 155 na matsin iskar da muke shaƙa, don ya kai zafin digiri 320 ba tare da ya tafasa ba. Wannan ruwa yana zagayawa cikin rufaffen bututu, ya miƙa zafinsa ga wani ruwan daban, shi kuma ya zama tururi, tururin ya juya farfelar inji, inji ya ba da wuta. Kashi ɗaya bisa uku na zafin ne kawai ke zama lantarki. Sauran biyun dole a zubar da su, kuma nan ne maganar ruwa take shigowa, za mu dawo kanta.

Ƙarfin hujjar nukiliya yana cikin dawwama. Tukunya mai megawat 1,200, irin wadda Rasha ke ginawa a Masar da Turkiyya da Bangladesh, tana iya yin wata 18 ba a kashe ta ba, sannan a tsayar da ita kamar wata guda a canza wani kaso na makamashinta. Idan ta yi aiki kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, za ta ba da yunit, irin wanda mitar gida ke ƙirgawa, kusan biliyan 9.4. Ba ruwanta da damina ko rani, dare ko rana. Makamashin da take ci a shekara bai wuce tan 25 zuwa 30 ba, abin da tirela ɗaya ko biyu za su ɗauka, kuma an tsara ta ta yi shekara 60. Hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, idan aka lissafa tun daga haƙar ma'adini har rushe tashar, giram 12 ne a kowane yunit, inda iskar gas take da kusan 490, kwal kuma 820. Faransa tana samun kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ba ta da ko tukunya ɗaya kafin 2020, yanzu tashar Barakah mai megawat 5,600 tana ba ta kusan rubu'in wutar da take sha.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa tun 1976, hukumar da ke sa ido kan tsaron nukiliya kuma ta fara aiki a 2001. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Sin da take aiki tun 2004, wadda a 2018 aka cire mata yuraniyam mai ƙarfi aka mayar da ita kan mai sauƙi. Amma a san girmanta: kilowat 30 da 'yan kai ne na zafi, kuma ba ta ba da lantarki. Tukunyar megawat 1,200 tana fitar da zafin megawat 3,200, wato ta ninka ta Zariya kusan sau dubu ɗari. A 2015 an ware wurare biyu, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, a 2017 kuma aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha.

Babban layin ƙasa ya yi mata kaɗan

Wannan ne cikas na farko, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa a muhawara. Injinan da aka girka a Najeriya sun kai megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi, wadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ma take nanatawa, ita ce kada inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin da yake ciki. Tukunyar megawat 1,200 a kan layin 5,000 kusan rubu'i ce.

Ga abin da ke faruwa idan aka karya wannan ƙa'ida. Duk injinan da ke kan layin ƙasa suna juyawa ne a bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa, kuma dokar layin ta yarda da 49.75 zuwa 50.25 ne kawai a yanayi na lafiya. Tukunyar nukiliya an gina ta ta kashe kanta cikin daƙiƙu kaɗan da zarar na'ura ta ga wani abu bai yi daidai ba, ko da kuwa na'urar ce ta yi kuskure. A wannan lokaci megawat 1,200 sun ɓace nan take. Nauyin da take ɗauke da shi ya faɗa kan sauran injina, gudunsu ya ragu, na'urorin kariyarsu su ciccire su ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone, cikin minti guda ƙasa ta yi duhu. Maganin shi ne a riƙe wasu injina suna juyawa ba su cika lodi ba, a shirye su cike gurbin. Riƙe megawat 1,200 a matsayin ajiya, a ƙasar da ake rabon wuta unguwa-unguwa, ɗaukar Dala ba gammo ne.

Ɗaya gefen ya fi wannan muni. Tukunya ba ta hucewa don an kashe ta. A daƙiƙar da aka tsayar da ita tana ci gaba da fitar da kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, kimanin megawat 200. Bayan awa ɗaya ya sauko wajen 50, bayan kwana ɗaya wajen 15 zuwa 20, kuma haka zai yi ta raguwa a hankali har tsawon watanni. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa, su kuma famfunan wuta suke so. Wato tashar da ke ba ƙasa wuta, ita ma tana jiran ƙasa ta ba ta wuta ranar da ta tsaya. Idan layin waje ya faɗi sai a koma kan janaretocin dizal na gaggawa. Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris 2011 ke nan: tukwanen sun kashe kansu daidai lokacin girgizar ƙasa, layukan waje suka katse, igiyar teku ta zo ta nutsar da janaretocin, zafin da ya rage ya narkar da makamashin tukwane uku. Sababbin ƙira suna da tankunan ruwa da hanyoyin sanyaya da ba sa buƙatar lantarki, wasu har na awa 72. Duk da haka babu hukumar sa ido mai mutunci da za ta ba da lasisi ga tashar da za ta riƙa dogara da matakin gaggawa a kai a kai. Layin Najeriya, gaba ɗaya ko wani sashensa, ya faɗi fiye da sau goma a 2024 kaɗai.

Iskar gas da sola ba su da wannan larura. Injin gas idan layi ya faɗi sai ya tsaya, a sake tayar da shi. Ana gina su ƙanana-ƙanana, megawat 150 ko 300, don haka faɗuwar guda ba ta kayar da kowa.

Kuɗi, da kuɗin ruwa

Tashar El Dabaa ta Masar, tukwane huɗu masu megawat 4,800 jimilla, an ƙiyasta ta a kan dala biliyan 30, kuma biliyan 25 daga ciki bashi ne daga Rasha a kan ruwa kashi 3 cikin 100. Rooppur ta Bangladesh, tukwane biyu, dala biliyan 12.65. Wato kowace tukunya tana cin dala biliyan 6 zuwa 7 da rabi, kuma waɗannan su ne masu sauƙi. A Amurka tukwane biyu na Vogtle an fara su da lissafin dala biliyan 14, aka ƙare a sama da 30, da jinkirin shekara bakwai. Flamanville ta Faransa an fara ta a 2007 da lissafin yuro biliyan 3.3, ba ta shiga layi ba sai Disamba 2024, kuɗin ya ninka kusan sau huɗu. Idan masu abin ke nan, to sabon shiga ya yi lissafinsa da rara.

A nukiliya makamashi ba shi ne tsada ba, gini ne, kuma gini da bashi ake yi. Shi ya sa kuɗin ruwa ke yanke hukunci. A ɗauki tukunya ɗaya a dala biliyan 7. Idan ruwan kashi 3 ne, dala miliyan 210 ke nan a shekara, a raba da yunit biliyan 9.4, kowane yunit ya ɗauki santin dala 2 da 'yan kai. Idan ruwan kashi 10 ne, dala miliyan 700 ne, santi 7 da rabi a kowane yunit, tun ba a taɓa uwar kuɗin ba, ba a biya albashi ba, ba a sayi makamashi ba. Takardun bashin dala da Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disamba 2024 sun tafi ne a kan kashi 9.6 da 10.4. Kuma ruwan yana taruwa tun daga ranar da aka karɓi kuɗin, shekara bakwai ko goma kafin a sayar da yunit na farko.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ƙasar da ta sayar da tukunyar ta ba da bashi mai sauƙi, kamar Masar, ko ta gina ta mallaka ta riƙa sayar da wuta, kamar yadda Rosatom ke yi a Akkuyu ta Turkiyya, inda aka yi yarjejeniyar sayen wani kaso na wutar a kan santi 12.35 na tsawon shekara 15. Kowacce aka bi, biyan da dala ne, mai shan wuta a Fagge kuwa da naira yake biya. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023 ya san ma'anar haka.

Sannan ga ramin da ke cikin kasuwar wutar kanta. Kusan rabin masu shan wuta ba su da mita. Tsakanin wutar da ke salwanta a waya, da wadda ake sata, da bil ɗin da ba a biya, kamfanonin rarrabawa suna asarar fiye da kashi ɗaya bisa uku. Bashin da kamfanonin samar da wuta ke bin gwamnati ya kai wajen naira tiriliyan 4 a 2025. Mai tashar nukiliya ba zai zuba dala ɗaya ba sai gwamnatin tarayya ta tsaya masa cewa ko an sha wutar ko ba a sha ba za a biya shi. An ga ɗanɗanon irin wannan a tashar gas ta Azura da ke Edo, mai megawat 460 kacal, yadda biyan wata-wata da dala ya zama abin ce-ce-ku-ce. A ninka wannan sau goma.

A kwatanta da gas. Masar ɗin dai, da kamfanin Siemens, ta gina tashoshin gas uku masu megawat 14,400 a kan yuro biliyan 6, cikin wata 27 da rabi, aka buɗe su a 2018. Kuɗin tukunyar nukiliya guda ke nan, ya sayi ƙarfin da ya ninka ta sau 12. A lura kuma da jerin da Masar ta bi: sai da ta cika layinta da gas, ta gina filin sola na Benban a kusa da Aswan, sannan ta zuba kankaren El Dabaa a 2022.

Lokaci kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana cewa sabuwar ƙasa tana buƙatar shekara 10 zuwa 15 daga yanke shawara zuwa kunna wuta, bayan ta cika sharuɗɗa 19 da suka haɗa da doka, hukumar sa ido mai cin gashin kanta, horar da ma'aikata da shirin gaggawa. Daular Larabawa, da kuɗinta a hannu, ta ba Koriya ta Kudu kwangila a Disamba 2009, tukunyar farko ta shiga layi a Agusta 2020. Tashar gas shekara biyu zuwa uku ce, filin sola shekara ɗaya zuwa biyu.

Me ya sa ba za a gina ta a Kano ba

Saboda ruwa. Zafin nan kashi biyu bisa uku da muka ce ana zubarwa, ko dai a janyo ruwan teku ko na babban kogi, wajen lita 50,000 a daƙiƙa, a mayar da shi da ɗumi, ko a gina hasumiyoyin sanyaya da ke ƙone wajen lita 2,500 a kowane yunit 1,000. Ga tukunyar megawat 1,200 wannan ya kai lita miliyan 70 a kullum, kusan rabin abin da aka gina matatar ruwa ta Tamburawa ta riƙa tacewa, a garin da 'yan garuwa ke tura kura tun asuba. Madatsun Tiga da Challawa kuwa tuni an yi musu yawa: ruwan shan birni, noman rani na Kadawa da Kura, da haƙƙin mutanen Haɗeja da Nguru da ke ƙasa. Shi ya sa wuraren da aka zaɓa suke bakin manyan koguna, Geregu a gaɓar Neja, Itu a gaɓar Kuros Riba. Koeberg ta Afirka ta Kudu, tashar nukiliya ɗaya tilo da ke aiki a nahiyar nan tun 1984, a bakin teku take.

To wutar Geregu sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ta iso mu, ta hanyoyin da aka riga aka sani. Idan kuma aka bi tsarin rabon da aka saba, inda kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke samun kashi 8 cikin 100 don Kano da Katsina da Jigawa, rabonmu daga tukunyar dala biliyan 7 bai kai megawat 100 ba.

Iskar gas: mafi kusa, amma da sharaɗi

(A Kano idan an ce gas wasu dizal suke ji. Nan iskar da ake haƙowa daga ƙasa muke nufi.) Najeriya tana da ita jibge, ta fi kowace ƙasa a Afirka, kuma kusan kashi uku bisa huɗu na wutar layin ƙasa daga ita yake fitowa. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, shi ne abu guda da zai iya sa a samar da wuta mai yawa a cikin Kano kanta, ba tare da jiran layin Mando ba. Injin gas kuma yana da wata baiwa da nukiliya ba ta da ita: ana ƙara masa wuta ko a rage cikin mintuna, don haka yana tafiya da sola, ya ja baya da rana, ya karɓi aiki da magariba.

Matsalolinsa ma a bayyane suke. Yawancin injinan da ke kwance a Kudu lafiyarsu ƙalau, iskar ce babu, don mai iska ba a biya shi ba, ko an fasa bututu. Bututu ɗaya mai tsawon kilomita 614 shi ma wuya ɗaya ne da za a iya shaƙewa. Sai yanayin Kano: ƙarfin da aka rubuta a jikin inji an auna shi ne a digiri 15 a bakin teku. A zafin digiri 40 na watan Afrilu inji yana rasa wajen kashi 15 cikin 100, tudun Kano ya ƙara cin wajen kashi 5, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatun iska idan ba a sa masu kakkaɓe kansu ba. Wanda ya sayi megawat 300 ya sa ran 240 a lokacin da aka fi buƙata. Kuma a nace a kan irin tashar da ke sake amfani da zafin hayaƙinta ta dafa tururi. Ita tana mayar da kashi 55 zuwa 60 na makamashi wuta, inda mai buɗaɗɗen salansa ke tsayawa a 35. Tsawon shekara 25, bambancin kuɗin iska ya fi bambancin kuɗin gini nesa ba kusa ba.

Sola: namu ne, amma rana tana faɗuwa

A nan Kano ta fi Legas da Fatakwal. Kowane kilowat na faranti yana ba da yunit 1,600 zuwa 1,700 a shekara. An riga an gani a ƙasa: megawat 10 a Challawa da aka buɗe a Janairu 2023, tashar haɗakar sola da batir da janareto mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero tun 2019, da farantan da ke saman rumfunan kasuwar Sabon Gari. Ba ya jiran bututu, ba ya jiran Shiroro, kuma ana iya fara shi da kaɗan a riƙa ƙarawa.

Amma kada a haɗa megawat ɗinsa da na nukiliya kai tsaye. Faranti yana ba da kashi 18 zuwa 20 cikin 100 ne na abin da zai bayar da a ce rana ba ta faɗuwa. Kafin a samu yunit biliyan 9.4 ɗin nan sai an shimfiɗa wajen megawat 5,700, a fili mai hekta 9,000 zuwa 11,000, a jihar da gona take da tsada da rigima. Zafi ma yana rage shi: kowane digiri sama da 25 yana cin wajen kashi 0.4 cikin 100, faranti kuwa a bazara yakan kai digiri 60 zuwa 65. Ƙurar hunturu tana rage hasken tun a sama, ta kuma kwanta a kan gilashi, sai an riƙa wankewa. Babbar matsalar dai ita ce buƙata ta fi yawa daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare. Batir na awa huɗu yana rufe wannan giɓi, kuma farashinsa ya faɗi sosai. Riƙe masaƙa ko kamfanin roba mai aikin dare har asuba da batir kaɗai kuwa har yanzu lissafin bai fita ba. Abin lura: a 2016 kamfanoni 14 sun sa hannu kan gina filayen sola masu megawat 1,125, galibi a Arewa, aikin ya tsaya a kan wanda zai tsaya musu a biya. Ramin da zai haɗiye nukiliya shi ya haɗiye su.

Wutar madatsun ruwa kuwa tana da arha idan an gama ginin, sai dai ita ma mai jinkiri ce. Zungeru mai megawat 700 ta ci shekara goma, Mambila mai 3,050 an fi shekara 40 ana maganarta. Na Tiga megawat 10 ne, ya ishi famfunan ruwa da fitilun titi, bai wuce nan ba.

Tsoro, shara, da yuraniyam ɗin maƙwabta

Idan aka ƙirga mutanen da suka mutu a kan kowane yunit da aka samar, nukiliya tana sahu ɗaya da sola da iska, ta fi kwal da mai aminci nesa. Hayaƙin janareto da ake kwana da shi a cikin gida ya fi ta kisa a ƙasar nan. Tukunyar Chernobyl da ta fashe a Yukiren a 1986 wata irin ƙira ce marar rufin kankare mai riƙe tiriri, kuma ba a gina irinta yanzu. Abin da ya kamata ya dami ɗan Najeriya shi ne ɗabi'ar aiki: hukumar sa ido da za ta iya rufe tasha ko da minista ya ce a bari, kayan gyara da ake saya kafin su lalace, albashin da ba ya makara, ma'aikacin da zai faɗi kuskurensa ba tare da tsoron kora ba. Ana son wannan kowace rana har shekara 60, gwamnati ta zo gwamnati ta tafi.

Sharar ba ta da yawa, tan 25 zuwa 30 a shekara, amma tana da haɗari na dubban shekaru. Ana ajiye ta a tafkin ruwa cikin tashar na aƙalla shekara biyar, sannan a mayar cikin manyan tulunan ƙarfe da kankare. Finland ce ta yi gaba wajen haƙa ma'ajiya ta dindindin, a zurfin fiye da mita 400 cikin dutse. Sabuwar ƙasa gara ta rubuta a kwangila cewa mai sayarwa zai kwashe abinsa.

Ana yawan cewa ai ga yuraniyam nan a Arlit, a Nijar, ƙofar gida. Gaskiya ne, amma wanda aka haƙo kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nasa ke ƙonuwa, tukunya kuma tana son kashi 3 zuwa 5. Sai an kai shi waje an tace, an inganta, an dunƙula shi ƙwaya-ƙwaya kamar kan ɗan yatsa, an jera cikin bututan da suka dace da ƙirar tukunyar. Masu wannan aiki a kasuwar duniya ba su wuce Rasha da Faransa da Sin da wani kamfanin haɗin gwiwar Turai ba. Kusancin Arlit ba ya rage ko kwabo.

Ƙananan tukwane fa? Masu megawat 50 zuwa 300 sun dace da ƙa'idar kashi 10, wasunsu ma ana iya sanyaya su da iska, abin da zai sa Arewa ta kasa kunne. Sai dai waɗanda ke aiki ba su da yawa: ta kan jirgin ruwa a Pevek ta Rasha, da ta Shidaowan a Sin da ta fara kasuwanci a Disamba 2023. Aikin NuScale a Amurka an soke shi a Nuwamba 2023 bayan farashin da aka yi alkawari ya tashi daga dala 58 zuwa 89 a kowane yunit 1,000. A bar masu kuɗi su gina goman farko, mu ga farashin gaskiya.

To wa zai zaɓi me

Mai masana'anta a Sharaɗa ko Tokarawa ya cire nukiliya daga lissafinsa na shekara 15 masu zuwa. Litar dizal tana ba da yunit 3 zuwa 3 da rabi, don haka idan lita tana naira 1,200, yunit ya tashi 350 zuwa 400 tun ba a sa gyaran inji ba, alhali wutar rukunin A, na waɗanda aka fi ba wuta, da aka ƙara mata kuɗi a Afrilu 2024, a kan 225 ta tsaya a lokacin. Sola a kan rufi don aikin rana, ba batir ko da kaɗan, shi ne mafi saurin mayar da kuɗi. Duk janareton da za a saya yanzu kuma ya zama wanda za a iya juyawa zuwa iskar gas.

Gwamnatin jiha, wadda dokar lantarki ta 2023 ta ba ta ikon kafa kasuwar wutarta, abin da ke hannunta shi ne fili mai takarda don sola kusa da tashoshin Kumbotso da Dakata, mita a kowane gida, tashar gas a bakin bututu, da matsa wa tarayya lamba a kan layi na biyu mai ƙarfin kilobolt 330 da bai bi ta hanya ɗaya da na farko ba.

Ita tarayya, a ganinmu ta ci gaba da shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya: a ƙarfafa hukumar sa ido da kuɗinta na kanta, a tura injiniyoyi su yi shekaru a tashoshin da ke aiki, a kammala binciken ƙasa da ruwa a Geregu da Itu, a riƙe tukunyar Zariya da kyau. Duk wannan miliyoyi ne, ba biliyoyi ba. Sa hannu kan babbar tukunya kuwa ya jira abu huɗu da kowa zai iya aunawa: layin ƙasa ya riƙa ɗaukar megawat 12,000 a kullum, ya yi shekara biyu a jere bai faɗi ba, kamfanonin rarrabawa su riƙa karɓo aƙalla kashi 90 na kuɗin wutar da aka ba su, sannan a samu bashin da ruwansa bai wuce kashi 4 ba, a kuma buga sharuɗɗansa majalisa ta karanta kafin a rattaba hannu.